Kicin na Zamani Ko Salon Da: Wanne Ya Dace da Sakkwato?

Tun da na cire kabad ɗin sama a kicin ɗina, na sa kantocin katako na jera langogi, ƙorai da faifai irin na kakanninmu, mata ke ta tambayata: "Hajiya, wanne zan yi?"

Wajen kuɗi, salon da ya fi sauƙi. Kafintan unguwa zai buga miki kanta, ƙwarya da randa kuwa suna nan a Babbar Kasuwa. Kabad na MDF, wato allon garin katako da aka matse, sai an auna, an yanka, kuɗin aiki ma daban.

Amma fa ƙura! Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na shigo da ita ta kowace kafa. Kanta a buɗe sai gogewa kullum, kwano sai an ɗauraye kafin a zuba tuwo. Nan kabad mai murfi ya yi zarra.

Ƙarko kuwa, kowanne da maƙiyinsa: MDF da ya jiƙa ƙarƙashin famfo sai ya kumbura, katako kuma gara, sai an shafa masa magani. Randa dai ba ta jiran a kawo wuta kafin ta sanyaya ruwa, ko a zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Mai fita aiki da sassafe, ko mai yara masu jawo kaya, kabad ya fi mata. Wadda ke da lokacin goge-goge, take son kicin ya tuna mata gidan kakarta a Wurno, ta ɗauki salon da.