Wane yaren kwamfuta ya cancanci kuɗin koyonka a Jos?

Kafin ka kai kuɗinka makarantar koyon rubuta manhaja, ko ta Terminus ce ko ta Farin Gada, tambayi yaren da suke koyarwa, ka duba yadda yake jera alamomin lissafi: wacce ke fara aiki, wacce ke jira. Duk wanda ya yi BODMAS a sakandare ya san 2 + 3 * 4 na ba da 14. Ma'aunina ke nan, ido ya gane layi ba sai an buɗe littafi ba.

Ni dai Python nake zaɓa wa kowa. Guido van Rossum ne ya fitar da shi a 1991, kuma dokokinsa ba su yi nisa da na malamin lissafi ba. Rubuta 1 < x < 10, zai ɗauke shi yadda ka nufa. Rubuta x & 1 == 0 don gano lambar da biyu ke rabawa, zai fara da & kafin ya kwatanta. A yaren C kuwa kwatancen ake fara yi, amsa ta fito sifili kullum, manhaja na tafiya kamar lafiya lau. Shi kansa Dennis Ritchie, mai yaren, ya yarda cewa da an gyara wannan tun farko da ya fi.

JavaScript zai ce maka 3 > 2 > 1 ƙarya ne. Smalltalk daga hagu kawai yake bi, lissafinmu na sama ya koma 20. Lisp kuwa ƙirgar baka za ta gajiyar da kai.

Inda na fi jin zafi shi ne 'yan damfara. Python kyauta ne a intanet. Wanda ya ce ka biya ya zuba maka a filashi, cutarka zai yi. Wata makaranta ta karɓe kuɗin ƙanena ta miƙa masa fotokwafin darasin Python 2, wanda aka daina kula da shi tun 2020. A takardar 7/2 na ba da 3, a kwamfutarsa mai Python 3 kuwa 3.5, yaro ya rasa wanda zai gaskata. Ga wasu kuma da takardar shaida mai ado kawai suke sayarwa, ɗalibai jingim a kan kwamfuta ɗaya.

Don haka gwada malamin kafin ka biya. Ce masa: "Malam, me -2**2 ke bayarwa a Python?" Amsar -4 ce (**2 na nufin ninka lamba da kanta, kamar ^2 a Excel), alhali =-2^2 a Excel 4 yake fitarwa. In ya bayyana maka dalili, ya kuma nuna maka inda za ka sa baka don mai karatu ya huta, ka yi rajista. In ya hau kame-kame, riƙe kuɗinka.