Sadakar Juma'a ko Kuɗin Aikin Ido?

A Marwa ko Garwa, a arewacin Kamaru, mai son taimaka wa makaho yana da hanya biyu. Ko ya riƙa miƙa masa 'yan sefa duk Juma'a a ƙofar masallaci, ko a haɗa hannu a kai shi asibiti a duba idon.

Sadaka tana da lada, tana kuma maganin yunwar ranar. Amma gobe sai ya sake fitowa bara, ɗan jagoransa kuwa, yaron da ya kamata yana makaranta, yana riƙe da sanda.

Asibiti ya fi tsada a tashin farko, ga kuɗin mota ga na jinya. Sai dai in yanar ido ce, wadda ita ta fi makantar da mutane a duniya, aikin yawanci ba ya wuce rabin sa'a, a cire ta a sa ɗan gilashin roba a cikin idon. Manomi ya koma gonar dawarsa, tela ya koma kan keke, yaro ya koma aji. Ni dai nan na karkata.

Ba kowane ido ke buɗewa ba fa. Wanda hawan jinin ido ya kashe ba ya dawowa, mai shi kam sadakar ce gatansa.