Manhajar EDGE da fayil ɗin izinin gini: inda take taimako, inda take barin mutum a hanya

A Birnin Kebbi, da ƙarfe uku na rana cikin watan Afrilu, zafi kan haura digiri 40. Ofishin da fuskarsa ta gilashi ke kallon yamma, a wannan lokacin labulensa a ja yake, fitilu a kunne, iyakwandishan na ruri, janareto na shan dizal a bayan gini. Wannan asara tun a kan takarda ake shuka ta, ranar da mai gini ya ce da mai zane "ina son gabansa duk gilashi". Shi ya sa muke ganin ya dace a duba manhajar EDGE, mai lissafin tsimin wuta da ruwa a gini, da idon wanda zai kai zanen fulaza, otal ko asibiti neman izinin gini, yana kuma son ya nuna a rubuce cewa gininsa ba zai yi ɓarnar wuta ba.

EDGE ta hukumar IFC ce, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da 'yan kasuwa. A intanet take aiki, buɗe asusu da yin lissafi kyauta ne. Za ka zaɓi ƙasa da gari da irin gini, ka shigar da faɗin daɓe, yawan hawa, tsawon kowane bango da inda ya fuskanta. Daga nan sai ta ƙera wani gini na gama-gari mai girman naka, ta riƙa gwada naka da shi. Ma'auninta shi ne a rage kashi 20 cikin 100 a wuta, a ruwa, da kuma a kayan ginin kansu. Takardar shaida ce ake biya wa kuɗi, domin sai mai bincike ya tantance zane, ya kuma dawo ya ga ginin bayan an gama.

Abin da ya fi burge mu da ita shi ne saurin amsa. Ka rage taga, ka ƙara rumfa, ka sa abin tare zafi a rufi, nan take lambar da ke saman shafi za ta motsa, tare da ƙiyasin ƙarin kuɗin gini da shekarun da zai ɗauka kafin ya dawo. Alhajin da ba ya son dogon Turanci, idan aka zaunar da shi gaban kwamfuta ya ga lambar na sauka da hawa, cikin rabin awa yakan sauko daga maganar gilashi. A wannan fannin ta cancanci yabo.

Sai dai ga inda ake yawan tuntuɓe. Kashi 20 na EDGE daban, ƙa'idar Najeriya daban. Ƙasar nan tana da kundinta na tsimin makamashi a gine-gine, BEEC, wanda Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta ƙaddamar a 2017 zamanin minista Babatunde Fashola, da tallafin hukumar GIZ ta Jamus da Tarayyar Turai. Kundin ya shafi ofisoshi da gidajen zama, kuma ya ba da hanya biyu: ko a cika kowane sharaɗi ɗaya bayan ɗaya, ko a kawo lissafin kwamfuta da ke nuna ginin bai fi wanda ya cika sharuɗɗan shan wuta ba. Ga ƙaramar fulaza mai hawa biyu, hanyar farko ta fi sauƙi da arha, kuma lambobi huɗu ne jigonta. EDGE ba ta fitar da takardar da ke cewa an cika su. Da hannu za a yi wannan.

Na farko taga. Faɗin tagogi a kowace fuska kada ya wuce kashi 20 na bangon, in ya wuce sai an yi masa inuwa. Ɗauki bangon yamma mai tsawon mita 20 da tashin mita 7: murabba'in mita 140 ke nan, rabon taga 28. Taga mai mita 1.8 da 1.5 tana cin 2.7, don haka goma za su shiga, ta sha ɗaya ta fitar da kai. Mai son gilashin murabba'in mita 60 a wannan bango ya kai kashi 43. Kuskuren da aka fi yi shi ne a haɗa bangaye huɗu a fitar da matsakaici. Bayan gini ba taga, gaba duk gilashi, sai lissafi ya fito kamar lafiya lau, alhali fuskar da rana ke duka ta ninka ƙa'ida. A jera kowace fuska a layinta.

Inuwar ma ba kowace iri ce ke aiki ba. Rumfar kankare a saman taga tana tare rana a kudu da arewa, inda take bi ta sama. A gabas da yamma rana ƙasa-ƙasa take shigowa, ta bi ta ƙarƙashin rumfar, don haka sai baranda mai zurfi, ko katangu siraran da aka tsayar gefen taga, ko bulo mai huji. EDGE tana karɓar zurfin rumfa ta ba da maki, amma ba za ta ce maka ka juya ginin ba. Idan fili ya ba da dama, a miƙar da doguwar fuska ta kalli arewa da kudu. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Na biyu rufi, kuma a ƙasar nan tamu shi ne babba. Kundin yana son abin tare zafi mai ƙarfin R 1.25 ko fiye, R kuwa shi ne ma'aunin yadda abu ke hana zafi ratsa shi. Audugar gilashi ko ta dutse, wadda zafi ke ratsa ta da kimanin 0.04, kaurin milimita 50 ya isa: 0.05 a raba da 0.04, ya ba da 1.25 cif. Matsala uku ke biyo baya. EDGE lambar U take tambaya, wato kishiyar R, ɗaya a raba da jimillar R ta duk rufin, kuma wanda ya zuba 1.25 a gurbin U ya ɓata lissafinsa ba tare da manhajar ta yi masa tsawa ba. Sannan kayan da aka yi wa lakabi da ma'aunin Amurka lambarsu ta ninka tamu kusan sau 5.7, don haka R 7 nasu shi ne kusan 1.25 namu. Wanda ya ga R 3 a jikin kwali ya yi murna, rabin abin da ake nema ma bai samu ba. Ta ukun a wurin aiki take: kafinta ya danne audugar tsakanin kwano da katako har ta koma milimita 20, ko mai wayarin ya yaye ta don ya ja waya bai mayar ba. Iskar da ke cikinta ce ke tare zafin, in an matse ta an kashe ta. Takardar alminiyon mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano kuwa sai da sarari tsakaninta da abin da ke ƙasa, kuma ƙurar hunturu na dusashe fuskar da ta kalli sama. Ita kaɗai ba ta maye gurbin audugar.

Na uku fitila: wat 8 a kowane murabba'in mita na ofis, 6 a gidan zama. Ofis mai murabba'in mita 200 yana da wat 1,600, wato fitilar silin mai wat 40 guda 40. Da LED wannan ba wuya. Ƙananan fitilun ado da ake jerawa a silin bayan an gama zane su ke fasa lissafin, don haka a ƙirga su tun farko.

Na huɗu iyakwandishan. Sai mai inbata, kuma sanyin da take bayarwa ya ninka wutar da take ja aƙalla sau 2.8. Wadda a kasuwa ake ce wa mai doki ɗaya da rabi tana ba da sanyin kusan wat 3,500, don haka kada abin da take ja ya wuce wat 1,250. A karanta farantin da ke jikin injin waje, a bar maganar doki. Idan lambar EER da ke kai, wato wannan ninkin na sanyi a kan wuta, ta kusa 10, da ma'aunin Amurka na BTU aka rubuta ta, sai a raba da 3.412. Akwai abin da manhajar da kundin duka ba za su hana ka ba: yawancin waɗannan lambobi a zafin digiri 35 aka gwada su, wanda ake kira T1. Mai alamar T3 a digiri 46 aka gwada ta, ita ce ta dace da bazarar Argungu da Birnin Kebbi. Kuma injin waje a nema masa inuwa da iska, kada a rataye shi a bangon yamma.

Raunin EDGE na gaba shi ne yanayi da farashi. Idan garinka ba ya cikin jerinta, za ka ari wani, to a ari mai yanayin Sakkwato, a buɗe shafin zafin wata-wata a duba. Gini a Kebbi da aka lissafa da yanayin Legas lissafin wani gini ne. Kuɗin wuta ma a gyara shi da hannu: tun Afrilun 2024 da aka kai rukunin A, na masu samun wuta mafi yawan awanni a rana, naira 225 kan kowane yunit, tsohon farashi ya daina ba da amsar gaskiya. A kuma shigar da kason wutar da janareto ke bayarwa, domin yunit ɗin dizal ya fi na kamfanin wuta tsada, kuma nan ne ribar rufi mai kyau take fitowa fili. Lissafinta na wata-wata ne, ba na awa-awa ba, saboda haka ba a auna girman iyakwandishan da ita. Wannan aikin injiniya ne.

Abu ɗaya da ba mu so ba: sola tana ɗaga maki sosai. Mutum zai iya barin gilashinsa da rufinsa yadda suke, ya jera faranti a sama, ya haye kashi 20. Ginin nan bai cika sharaɗin taga ko na rufi ba, kuma ranar da batir ya gaji zafin yana nan yana jira. Manhajar kuma ba ta da Hausa, tana kuma son intanet mai ƙarfi.

Izinin gini hurumin jiha ne, a Kebbi hukumar raya birane ta KUDA ce ke dubawa, don haka kafin a buga komai a je a tambayi jerin takardun da suke karɓa. Abin da muke ba da shawarar a ɗora a kan zanen mai zane mai rajistar hukumar masu zanen gini ta ARCON da na injiniya mai rajistar hukumar injiniyoyi ta COREN shi ne shafi ɗaya mai jadawalin tagogi fuska-fuska, yankan rufi da ke nuna kaurin auduga da lambar R, jadawalin fitilu ɗaki-ɗaki, sai takardar masana'anta ta kowace iyakwandishan. Rahoton EDGE ya biyo baya a matsayin ƙarin hujja. Lambobin da ke cikinsa su zo daidai da na zane, domin taga goma a zane da takwas a rahoto ya isa a maido da fayil. A kuma rubuta kaurin audugar da alamar T3 a cikin jerin kayan da aka ba ɗan kwangila, a hau sama a auna da ido kafin a rufe silin.