Laccar Asabar a Wuse: na ƙaru, amma lasifikarsu sai a hankali

Da ƙyar abokina ya ja ni zuwa laccar da ake yi duk ƙarshen wata a wani ɗakin taro a Wuse. Shiga kyauta ne, sunanka kawai za ka rubuta a bakin ƙofa. Batun ranar shi ne ficewar Nijar, Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairun 2025.

Malamin, dattijo mai furfura, ko takarda bai duba ba. Ya faro daga kafa ƙungiyar a Legas a 1975, ya gangaro har juyin mulkin da ya kifar da Bazoum a Yulin 2023, da yanke wa Nijar wutar lantarki. Da ya zo kan rufe iyaka sai na tuna kawuna a Jibiya, wanda motar kayansa ta yi watanni a ajiye. Nan fa na gyara zama.

Sai dai an makara da kusan awa guda, lasifika kuma sai ƙugi take. Wajen tambayoyi, wani bawan Allah ya karɓi makirufo ya buɗe tasa laccar, har aka kira la'asar.

Wata mai zuwa yaƙin Sudan za a tattauna. Kujerar gaba zan kama.