Barcin allura ko barcin shaƙa: wanne ya fi rage jini a aikin hanci?

Ƴar'uwa, kin ce za a yi wa maigidanki aikin sinizit, wato aikin kogunan da ke cikin ƙashin fuska kewaye da hanci, a nan Damagaram saboda tsiron da ya toshe masa hanci, kina so ki san ko irin barcin da za a sa shi yana shafar zubar jini. Ƙwarai kuwa yana shafa.

Ba yawan jinin ne abin damuwa ba, da wuya a kai ga ƙarin jini a wannan aiki. Abin da ake karewa shi ne likita ya riƙa ganin wurin da yake aiki sarai. Da siririn madubi mai kamara yake shiga, kaurinsa milimita 4, cikin lungun da ido ke gefe, ƙwaƙwalwa ke sama, ƙashi marar kauri ne kawai a tsakani. Ɗigo ɗaya ya shafe bakin madubin, dole ya zaro ya goge ya koma.

Barcin shaƙa, da maganin isofuluran ko sebofuluran, shi aka fi sabawa da shi. Illarsa a nan ita ce yana sakin ƙananan jijiyoyin jini, sai cikin hancin ya riƙa tsattsafo.

Na allura kuwa, furofofol ne, fari fat kamar madara, na'ura tana tura shi kaɗan-kaɗan ta jijiya har a gama, galibi tare da remifantanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi. Shi remifantanil yana sassauta bugun zuciya zuwa wajen 60 a minti, kuma da zuciya ta natsu tsattsafon yake raguwa. Bincike da dama ya nuna likita ya fi gani sarai da wannan hanya. Amai bayan farkawa ma ya fi sauƙi, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da hancinsa ke cushe da auduga. Sai dai yana bukatar na'urar, da maganin, da hannun da ya saba, kuma ba kowane asibiti ke da su ba.

Akwai allurar kashe wurin kaɗai, mutum idonsa biyu. Ga ƙaramin aiki ta yi, ga tsiro mai yawa ba ta isa.

In duka suna nan, barcin allura nake zaɓa. Amma tazarar ba ta kai ku kama hanyar Yamai ko Kano dominta ba. Mai sa barci da ya ƙware da na shaƙa, ya ɗaga kan gado da digiri 15 zuwa 20, aka sa audugar adirenalin, maganin da ke tsuke jijiyoyin jini, a hanci, aiki zai tafi lafiya.

Abin da ke hannunku shi ne ku faɗa wa likita gaskiyar duk abin da maigidan yake sha: asfirin, ibuforofen, har jiƙon gargajiya, don wasunsu suna ƙara zubar jini. In yana da hawan jini, ku faɗa tun ranar farko, don irinsa ba a saukar masa da jini sosai lokacin aiki, kuma kada ya bar maganinsa sai da izinin likita. Allah ya ba shi lafiya.