Mako Shida na Faransanci a Kwatano: Abin da Ɗan Kabi Ke Samu, da Inda Kuɗinsa Ke Zurarewa

Wannan sharhi ne kan kwas ɗin Faransanci na dogon hutu da wata cibiya mai zaman kanta ke yi a Kwatano, a Jamhuriyar Benin, daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, irin wanda ake tallatawa da cewa za a tsunduma ɗalibin jami'a cikin harshen, ya kwana da shi ya tashi da shi. Na yi kwas ɗin har ƙarshe. Koyarwar aji ta ci kuɗinta. Tsundumawar kuwa babu cibiyar da za ta yi wa Bahaushe ita, domin duk inda ya sa ƙafa a yankin nan sai ya tarar da mai jin Hausa, kuma da zarar ya tarar da shi Faransanci ya tafi hutu.

Shi ya sa mutumin Birnin Kebbi ko Argungu bai kamata kusancin Nijar ya ruɗe shi ba. Daga Kamba ka ƙetara Gaya, ka wuce Dosso, ga Yamai nan, tafiya mai sauƙi da arha. Amma mai shayi, ɗan kabu-kabu, har jandarman kan hanya, kana fara haɗa jimla kana gumi zai tausaya maka ya ce, "Malam, faɗi da Hausa." Tun 2025 ma Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. A Kwatano harshen titi Fon ne, wanda ba ka jin ko "zo in kashe ka" a cikinsa, sai dole ta sa ku haɗu a Faransanci. Rami ɗaya ne a garin, unguwar Zongo. Can ne babban masallaci, can ne tuwo da 'yan canji da 'yan'uwa masu karamci. A je ranar Juma'a a yi salla a gaisa a dawo. Wanda ya kama ɗaki a Zongo don arha, gara ya yi zamansa a gida ya sayi littafi.

Ranar farko gwajin tantancewa ake yi don a raba ɗalibai bisa matakan da duniya ta sani, daga ƙasa zuwa sama: A1, A2, B1, B2, C1, C2. A nan kuskuren farko yake. Ɗalibin Nijeriya ya saba da nahawu a takarda, yana iya jero sarrafa aikatau tiryan-tiryan, sai a ɗora shi B1 alhali ba zai iya tambayar kuɗin burodi ba. Cibiyar ta fi dogara da gwajin rubutu, hirar baka kuwa 'yan mintoci ce. Ka nemi a saurare ka sosai, kuma idan a kwana uku na farko rabin maganar malami na wuce ka, ka nemi a sauko da kai. Bayan makon farko ba sa son canza wa kowa aji.

Aji daga ƙarfe takwas ne zuwa sha biyu, Litinin zuwa Juma'a, wato awa 20 a mako, 120 a takarda. Ka cire ranar gwajin shiga da ta fita, ka cire 1 ga Agusta, ranar 'yancin Benin, da 15 ga Agusta, hutun Kirista, idan sun faɗo ranar aiki. Abin da ya rage yakan ɗaga mai ƙoƙari mataki guda. Duk wanda ya ce maka za ka shiga da A1 ka fito da B2 a hutu ɗaya, talla yake yi.

Inda malaman safe suka burge ni shi ne furuci, kuma nan ne ɗan Kabi ya fi bukata. Hausa ba ta da "p", ba ta da "v", mu kuma a nan yamma ko "f" ɗin ba ta tsira ba, tunda "hwari" muke cewa, "hita" muke cewa. Sai ka ji ɗalibi ya kasa raba faim, yunwa, da pain, burodi, ko port, tashar jirgin ruwa, da fort, mai ƙarfi, ko veau, maraƙi, da beau, kyakkyawa. Dabarar malamar ba ta da tsada: kowa ya riƙe ƙaramin madubi ko kamarar wayarsa a gaban baki. Idan haƙoran sama suka taɓa leɓen ƙasa iska na fita, "f" ce ko "v". Idan leɓɓa biyu suka haɗe suka fashe, "p" ce ko "b". Minti goma kowace safiya, cikin mako biyu kunne ya fara jin bambancin. Wasalin "u" ya fi taurin kai. Ka shirya harshe kamar za ka ce "i", ka tsuke leɓɓa kamar mai hura wuta. Idan ba ka samu wannan ba, dessus da dessous, sama da ƙasa, za su zama kalma ɗaya a bakinka. Ita kuwa "r" ta maƙogwaro da ke tsorata mutane, duk wanda ya yi makarantar allo yana da ita a aljihu, domin 'yar'uwar "gain" ce ta Larabci. Ba dole ba ce ma, mutanen Kwatano da yawa "r" ta kan harshe suke yi kuma ana fahimtar su.

Akwai wuraren da Hausa ke ba ka hannu, sai dai malaman ba su san Hausa ba, kai za ka lura da kanka. Vous na girmamawa daidai yake da "ku" da muke ce wa babba. Bambancin imparfait, aikin da ake cikin yi a da, da passé composé, aikin da ya auku ya ƙare, da ke wahalar da masu tunani da Turanci, kai ka gama da shi tun kana yaro: je mangeais quand il est entré, ina cikin cin abinci sai ya shigo. Jinsin suna ma ba baƙo ba ne gare mu, amma kada ka ɗauki na Hausa ka ɗora. Rana mace ce a wurinmu, le soleil namiji ne. Wata namiji ne, la lune mace ce. Ka haddace kowane suna tare da un ko une ɗinsa, kada ka taɓa rubuta shi tsirara a littafinka.

Zaman yamma shi ne raunin shirin. An ce awa biyu na tattaunawa, amma masu koyon aikin malanta ake bar wa, kuma kusan duk ajin 'yan Nijeriya ne, sai hira ta zame ta koma Turancin buroka. An kafa dokar tarar sefa 100 ga wanda ya yi wani harshe. Ba ta kai mako na biyu ba, don ba a naɗa mai karɓa ba. Fita yawon ranar Asabar zuwa Ouidah da Ganvié, garin da aka gina a kan ruwa, akwai daɗin gani, amma cikin mota ɗaya da 'yan ajinku kuke, jagora kaɗai ke Faransanci.

Saboda haka masauki shi ne rabin kwas ɗin. Ɗakin kwanan ɗalibai ya fi arha, zama gidan iyali ya fi amfani nesa ba kusa ba, matuƙar an yi tambayoyi kafin biya. Wane harshe ake yi a gidan idan an zauna cin abinci? Wasu gidajen Fon ne zalla sai an juyo kanka. Akwai yara 'yan makaranta? Su ne malaman da ba sa jin kunyar yi maka dariya su gyara ka. A faɗa musu tun farko, a rubuce, ba a cin naman alade, ba a shan giya, kuma a koyi jimlar je ne mange pas de porc tun kafin a tashi. Ɗaliba mace ta tabbatar da ɗaki mai makulli da gidan da akwai uwar gida a ciki.

Sai lissafi, wanda shi ke cinye kuɗin baƙo. Saba'in soixante-dix ce, sittin da goma. Tamanin quatre-vingts, ashirin sau huɗu. Casa'in da bakwai kuwa ashirin sau huɗu da goma sha bakwai. Lambar waya bibbiyu ake karanta ta, kuma ɗan acaɓa mai rigar ɗorawa, wanda suke kira zem, ba zai jira ka gama ƙirga da yatsu ba. Ku daidaita kuɗi kafin ka hau, ka maimaita masa adadin. A Zongo kuma wani tarkon ne: dala sefa biyar ce, dala ashirin sefa 100, jika sefa 1,000. Wanda bai san wannan ba zai ɗauka an yi masa arha sai an zo biya.

Takardu ba su da yawa: fasfo da katin rigakafin shawara. Ɗan Nijeriya na da kwana 90 babu biza a ƙarƙashin yarjejeniyar ECOWAS, amma a tabbatar an buga hatimin shiga a iyaka. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga, a tafi da adafta.

Takardar da ake bayarwa ranar rufewa shaidar halarta ce kawai. Tana da kyau a fayil, amma jami'o'in Faransa da manyan ma'aikatu DELF suka sani, wato jarrabawar Faransanci ta gwamnatin Faransa, kuma yawanci B2 ake nema don karatu. Jarrabawar kashi huɗu ce, saurare, karatu, rubutu da magana, kowanne maki 25. Ana ci da 50 cikin 100, amma wanda ya samu ƙasa da 5 a kashi ɗaya ya faɗi ko da sauran sun yi kyau, kuma saurare ne ke kayar da 'yan nahawu. Takardar DELF ba ta ƙarewa, saɓanin ta TCF, wata jarrabawar Faransancin, mai aiki shekara biyu kawai. Kuɗin DELF daban ne, ba ya cikin na kwas, kuma ba kowane wata ake zama ba. A duba ranar zaman da ta fi kusa da ƙarshen Agusta a yi rajista tun kafin a bar gida, domin wata uku bayan dawowa Kabi, inda babu wanda za a ce wa bonjour sai 'yan kasuwar Kamba, kunnen da aka sha wahalar buɗewa ya fara toshewa.