Mai gyaran da ya duba fayil kafin ya taɓa kwamfuta, Tudun Wada Gusau

Masu aikin zane da ɗab'i na Gusau, wanga rubutu naku ne, musamman wanda laftof ɗinsa ke sandarewa duk lokacin da aiki ya cika da hotuna. Akwai wani ɗan shagon gyaran kwamfuta a Tudun Wada da na kai tawa, ba zan kama suna ba don kar a ce talla aka biya ni, amma aikin da ya yi ya kai a yi magana a kai, mai daɗi da marar daɗi.

Aikin da ke hannuna littafin walimar saukar Alƙur'ani ne na wata Islamiyya, kowane ɗalibi da hotonsa, ga malamai ga iyayen makaranta, hotuna sun haura ɗari, duk a fayil guda na manhajar zane ta CorelDRAW X3. Kana matsar da hoto allo ya yi fari, sama ta rubuta Not Responding, wani lokacin a tsakiyar sebin ne komai zai rufe, kuma ranar walima ba ta jiran kowa. Wuraren da na fara leƙawa amsarsu iri ɗaya, tun kafin su kunna na'urar sun ce bairos ne sai an yi fomat, kamar mai maganin da ke ba kowa saiwa ɗaya ko ciwon kai ne ko targaɗe.

Shi wannan da na ajiye masa ita cewa ya yi, "Malam buɗe min aikin da ke kashe ta in gani da idona." Ya buɗe Task Manager, wurin da Windows ke nuna abin da kowace manhaja ke ci, a gefe, muna kallo layin memori yana hawa yana hawa har ya kai ƙololuwa, nan take komai ya tsaya. Ya ce to ga ciwon nan, babu ruwan bairos, kuma ba laifin manhajar ba ne, kaya ne aka ɗora mata fiye da wurin da take da shi. Na ce Injiniya ai hotunan nan ƙanana ne, kowanne bai wuce 3MB ko 4MB ba a waya. Sai ya jawo bayan wata takarda ya yi min lissafin da har yanzu nake nuna wa yaran shagona. Hoton waya mai megafiksel 12 faɗinsa ɗigo 4000 ne tsawonsa 3000, a matse yake cikin JPEG shi ya sa ka gan shi ƙarami, amma da an buɗe shi a shafi sai ya warware ya ci kusan 36MB, in ka mai da shi CMYK, tsarin launin injin ɗab'i, ya koma 48MB. Ɗari irinsa ya kai 3.6GB kenan tun ba a mai da su CMYK ba. Ita kuwa laftof ɗin RAM ɗinta, wato memorin da take aiki a ciki, 4GB ne, Windows ɗin mai 32-bit wanda ko 4GB ɗin ba ya iya amfani da shi duka, sannan X3 ta 2006 ce, manhaja mai 32-bit da a ƙa'ida iyakarta 2GB. Sai a X6 ta 2012 aka fara samun mai 64-bit. Mu dai mun riƙe X3 ne saboda hannu ya saba kuma tsofaffin injina na ɗaukarta, amma an yi ta ne lokacin da kyamarar waya ba ta kai haka ba.

Inda ya fi burge ni shi ne maganar rage hoto. Jawo kusurwar hoto da maus har ya koma girman fasfo ba ya rage masa nauyi ko kaɗan, ɗigon nan miliyan 12 suna nan daram, haka in ka cusa shi cikin wata siffa da PowerClip, ɓoye gefen kawai ka yi. Hoton ɗalibi da zai fito inci 2 da inci 2 a takarda, a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ɗigo 600 da 600 kawai yake so, wajen 1MB. Ya shiga Bitmaps ya danna Resample ya sauke ɗaya a gabana, muka buga a firinta muka jera da na asali, wallahi ido ba ya bambancewa. Babbar bana (banner) kuma da ake kallo daga nesa ko 300 ɗin ba ta buƙata, 100 zuwa 150 ya wadatar. Af, su kuma masu turo hoto ta WhatsApp, in suka turo shi haka nan ya matse ya dushe, a ce musu su turo a matsayin dokumen, kai ka rage da kanka daidai yadda kake so.

Akwai kuma wani fayil da ya ƙi buɗewa, shi ma bai ce ya tafi ba. Ya leƙa cikin foldar ya samo wanda sunansa ya fara da Backup_of, ya buɗe sabon shafi fanko ya shigo da shi ta Import, aiki ya dawo in ban da gyaran ƙarshe. Ya share tarkacen foldar temp, ya nuna min riƙe F8 lokacin da manhajar ke tashi don mai da saitinta sabo, ya rage yawan matakan Undo, ya ce daga yau littafi a raba shi fayil-fayil, bango daban, shafukan ɗalibai daban.

Sai bayan duk wannan ya zo kan abin da za a saya. Ya ƙara RAM zuwa 8GB, ya sa SSD, wato diski mai sauri, da sabuwar Windows mai 64-bit, tsohon diski kuwa bai goge shi ba, ya sa shi a akwatinsa ya miƙo min da duk ayyukana da font ɗina a ciki. Da ya kwance bayanta ƙurar hunturu ta yi curi a bakin fanka kamar auduga, ya busa ya sake man da ake shafa wa furosesa, don da zafin Gusau na watan Afrilu da ke haura digiri 40, na'urar da ba ta numfashi kashe kanta take. Batir ma ya ce in canja, tunda in aka ɗauke wuta ana cikin sebin a nan fayil ke lalacewa.

To ga inda ban ji daɗi ba. Alƙawarin lokaci ba ya riƙewa, "bayan La'asar in sha Allah" ta koma washegari, kuma waya sai ka yi ta kira. Ba ya ba da rasit sai ka matsa, alhali kayan da ya sa ba masu arha ba ne, SSD ɗin ma na ji kuɗinsa a jikina. Yaronsa ya cika min sabuwar Windows da wasu manhajoji da ban nema ba, sai da na zauna na cire. Sannan mai gyaran ya dage in koma manhajar InDesign saboda ita ba ta haɗiye hoto a cikin fayil, nuni kawai take yi zuwa inda yake, shi ya sa littafi mai shafi da yawa ba ya mata nauyi. Gaskiyarsa ce ta fuskar aiki, amma biya ake duk wata, kuma yawancin wuraren da muke kai aiki a buga CDR, wato fayil ɗin Corel, ko PDF suke tambaya, yarana ma Corel suka iya, don haka a nan ban bi shi ba, sabuwar Corel mai 64-bit da rage hotuna sun ishe ni.

Wanda zai je ya tafi da caja da kuma ainihin fayil ɗin da ke ba shi matsala a filasha, ya je da safe kafin ɗalibai masu furojet su cika bencin, kuma ya tambayi garantin RAM da SSD a rubuce kafin ya biya.